Mita Uku

Fayil ɗina mai lamba ɗari huɗu da sha bakwai
ya fi ni sanin matakalar sakatariya.
Ya hau, ya sauka, ya kwana a teburori,
ya dawo da jan hatimi a goshi:
ba a amince ba.

Ni ce Talatu 'yar Sallau mai goro.
A nan Agege aka binne cibiyata,
tsakanin kukan jirgin ƙasa da ƙamshin burodi.
Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa
har almakashi ya san hannuna.
Giratutina na mayar bulo ɗari tara,
ga su can jibge, gansakuka ta ɗinka musu koriyar riga.

Ɗaki uku na roƙa, da falo, da 'yar baranda
ta shanya barkono da jiran Magariba.
Aka ce bangon baya ya matse lambatu,
doka mita uku take so.
Ni da taku na auna, kamar yadda Baba ya auna,
ashe ƙafata ba ta da hatimi.

Laraba aka sa ranar sake dubawa.
Ruwa ya fara tun ina cikin danfo.
A benci na tarar da Baba Ojelabi
rungume da zanen gidansa kamar tabarmar salla,
da Nkiru mai shagon yadi, zuwanta na huɗu.
Muka raba gyaɗa.
A bencin nan yare ɗaya ne: jira.

Su biyar ne a ciki.
Madam Bankole a tsakiya, tabarau a kan karan hanci,
gefenta bokiti yana tarar ɗigon rufi,
ɗis,
ɗis.
An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
To ni a bar ni in yi ɗakin mana.

Na yi Turanci, ya ƙare mini a hanya,
na kama Yarbanci, har ta ɗago kai.
Na ce, maƙwabcina hawa uku ya ɗora a bakin kwatar nan,
wa ya auna shi?
Fanka kaɗai ta amsa.

Sai wani yaro injiniya, Kolawole,
wanda ba mamaki ni na yanke masa cibi,
ya warware taswira, ya bi shuɗin layi da yatsa.
Ya ce, Mama, ruwa ba ya karanta takarda,
amma bai taɓa mance hanyarsa ba.

Na so in yi musu.
Sai daminar bara waccan ta zo ta tsaya a gabana:
katifar Iya Risi tana iyo a layi,
tukwane suna bin ta kamar 'yan kaji,
mu kuma a kan tebur muke salla a zaune.
Na haɗiye maganata da ɗacinta, kamar goron Baba.

Hukunci: a yanke ɗakin baya,
a sake zane, a sake biya,
a dawo bayan mako shida.
Ɗakin baya na Habu ne,
in ya gaji da tuƙin tirela tsakanin Apapa da Gusau.
Ba gurbin rubuta wannan a fom.

Da yamma na aro tef wajen kafinta.
Daga bakin lambatu na ja,
ɗaya, biyu, uku,
na kafa tsinke.
Kai, mita uku da faɗi take in taka ce.

Inuwar hawa ukun maƙwabci ta rufe ni har wuya.
Ban ce mata komai ba.
Zogale zan dasa a nan, da lalle,
in ga ko su ma sai da hatimi.
Habu kuwa, akwai doguwar kujera a falo.